Ɓarawon Yana Cikin Bokiti

Shekara goma sha ɗaya a Rikkos
ina biyan kuɗin wutar da ban sha ba.
Takarda ta zo, a soke ta a ƙofa,
wani ya zauna a ofis ya yi cinke,
ya rubuto mini lamba kamar mai duba.
Watan da taransifoma ta ƙone ƙurmus,
kwana ashirin muna laluben ashana,
ko sisi bai ragu ba.
Ka ɗaga murya, ga tsani, ga filaya,
ga yaro a kan falwaya yana maka dariya.

Sai Gyang ya zo da kwali a bayan babur,
ya kafa ta a bango, dab da tagar Uwani.
Farar aba, ido ɗaya, ja, yana ƙiftawa.
Ya ce, "Baba, wannan ba ta san kowa ba.
Ba ta cin goro, ba ta jin magiya.
Abin da ka sha, shi za ta faɗa."

Na zuba mata dubu biyar ran Asabar.
Lamba ashirin! Rashida na karantowa daga waya,
ni ina dannawa, tabarau a kan hanci.
Kafin Juma'a ta fara tsiwa,
ƙit, ƙit, ƙit,
kamar ɗan tsakon da ya ɓata a rumbu.

Na tara gida, na ce akwai ɓarawo.
Na harari firji, na harari dutsen guga,
amma zuciyata na kan ƙwan zaure
da Uwani ke bari har gari ya waye
tun da Sagiru ya fara tuƙin dare,
yana kai dankalin Bokkos kudu.
Ta ce, "Kada ya dawo ya tarar da duhu."
Na ce, "Duhun ai yana aljihuna."
Ta kashe.
Kwana uku, daga "ga tuwo" ba ta ƙara ba.

Mita kuwa ba ta fasa zuƙa ba.

Ran nan da asuba, sanyin Jos na cizon ƙashi,
na jefa hita a bokiti kamar kullum,
ruwan alwala, ruwan wanka,
da ɗan ƙari don ƙafafun nan nawa.
Rashida na tsaye a gindin bango, ta ƙudundune da bargo.
Ta ce, "Baba, cire." Idon ya koma gyangyaɗi.
Ta kunna ƙwan zaure. Ko gezau.
"To mayar." Sai ga shi yana fat-fat-fat
kamar zuciyar wanda aka kama.
Ba ta yi dariya ba, Allah ya yi mata albarka.
Uwani ce ta yi, daga cikin ɗaki.

Jiya Maman Nanbam ta leƙo ta katanga:
"Maƙwabci, in sa, ko in bari?"
Na ce mata, akwai daren da sabis ya ɗauke,
kuɗi sun fita, lamba ba ta zo ba,
layi duk haske, mu kaɗai a duhu,
kajin Uwani na narkewa a firji.
Na ce, ba ta kawo wuta, ƙirga ta kawai take.
In an ƙara farashi, ba ta tsaya maka.
Mudu ce, kuma ban san wa ya auna mudun ba.
Amma in sun ɗauke, ita ma shiru,
kuma rabona da ganin tsani na manta.

Ta ce, "Wato in sa?"
Na ce, "Ki fara duba bokitinki."

Yanzu gawayi nake hurawa da asuba,
hayaƙi na sa ni hawaye, ba komai.
Ƙwan zaure, ni nake kunna shi da kaina.
Sagiru ya ce tun daga kwana yake hango shi.